Jan Biron Abla Intisar

Abla Intisar ba ta ji da kunnen hagu. Tana aji uku wani malami ya sharara mata mari don ta kasa lissafi, kunnen ya kwana biyu yana zubar da jini, daga nan ya toshe. Shi ya sa da ta zama malama a ƙauyensu na gefen birnin Ƙena ta rantse hannunta ba zai taɓa ɗan kowa ba. Shekara ashirin da shida tana riƙe da rantsuwar nan, a makarantar da Ustaz Gabir ke yawo da guntun tiyo, kowane kuskure bulala ɗaya, har tafin hannun yaro ya fashe.

"Kin sangarta su, ya Abla," in ji shi.

"Kai ka gyara su ai. Shi ya sa suke jiƙa wando in sun hango ka."

Ita duk Alhamis tambaya biyar take bayarwa, ba don maki ba, don ta ga inda kowane yaro ya yi tuntuɓe, ran Lahadi, farkon satin makarantarsu, ta ɗora daga nan. A haka ta gano Dahi. Kowa jaki yake ce masa, alhali aro ne kawai yaron bai iya ba a lissafin ɗebewa. Ubansa Abdurradi mai saran rake ne, ko alif bai sani ba, amma kamar kowane uba a garin ya san abu guda: jan zagaye a takarda faɗuwa ce. Ya riga ya rantse da igiyar aurensa, in ya sake ganin ja, Dahi ya gama makaranta, sai gonar rake.

Wata biyu tana zaunar da yaron lokacin tara, suna aro da ƙwallayen dabino. Ranar da ya cinye biyar cif, murna ta kwashe ta. Ta zagaye kowace amsa da jan biro, ta cika sama da ƙasa da yabo, takarda ta yi jawur.

"Maza kai wa Babanka ya dangwala hannu!"

Haba Abla! Ke da aka haifa a garin nan!

Abdurradi na ganin takardar ya damƙi yaron. Ya ɗaure Dahi a jikin dabino da igiyar jaki, ya karya rake uku a gadon bayansa.

"Baba, ci na yi! Wallahi ci na yi!"

"Har ƙarya za ka yi mini, ɗan banza? Makaho ne ni?"

Da rake ya ƙare ya juya ƙotar adda. Yaron ya zare hannun dama ya kare kansa, ƙotar ta sauka a kan yatsun, uwar na ɗaki ta ji ƙarar karyewarsu.

Ran Lahadi Abla ta tarar da bencin Dahi wayam, 'yan aji suka ba ta labari. Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi gidan. Ta tsinci takardar a tsakar gida, jini ya bushe a jikinta, ta tsaya gaban Abdurradi da 'yan'uwansa suna shan shayi, ta karanta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa: "Madalla, Dahi. Allah ya yi wa uban da ya haife ka albarka."

Abdurradi ya miƙe. "Amma ja ne, ya Abla. Ja fa ne!"

Ta ɗauke shi da mari. Mace, a gaban maza, a cikin gidansa! 'Yan'uwan suka zabura da sanduna, shi kuwa ya tare su da hannu, ya durƙushe yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ita ma kukan take yi, don ta san da wanda ya doka da wadda ta rubuta, ba mai wanke kansa.

Bayan sati shida uban da kansa ya rako Dahi makaranta. Yatsu biyu sun sandare, ba su sake lanƙwasuwa ba, sai ya koma koyon rubutu da hagu. Abla ta watsa jan biron a kwata, har ta yi ritaya da fensir take duba aiki.

Alhamis ta farko bayan dawowarsa Dahi ya kawo takardarsa, ya riƙe gefenta gam ya ƙi saki. Ya yi magana ƙasa-ƙasa ta ɓangaren kunnenta na hagu, sai da ta juyo masa da na dama ya maimaita.

"Abla, don Allah in na ci, ki faɗa mini a kunne kawai. Kada ki rubuta komai."