Matar da Ba Ta Cikin Lissafinsu

Bodil Thorsen ta shekara ashirin da shida tana aiki a ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi a garin Nakskov. Ta ajiye aikin ne a makon da ɓarin jikin mijinta Ejnar ya shanye. Tun daga nan duniyarta ta koma ɗaki uku a hawa na uku, a benen da babu lif, na'urar hawa da sauka. Ejnar ba ya sauka sai ƙarti biyu sun zo sun ɗauke shi da kujera. Kullum da safe ma'aikaciyar jinya takan zo ta yi minti arba'in, a cikinsu Bodil take zuwa kanti ta sayo baƙin burodi da madara ta dawo tana haki.

Abu ɗaya ne nata a mako. Ranar Lahadi da ƙarfe biyar ana nuna wani wasan talabijin mai suna *Mashigin Hazo*, labarin wata ƙasa ta dodanni da matsafa da kogi ya raba biyu. Bodil ba ta damu da dodannin ba. Tsohuwa Ragna take kallo, mai kwalekwalen da ke ƙetarar da mutane, wadda rantsuwa ta ɗaure ta a bakin kogin, ga baki kamar reza. Sarki ma in ya shiga kwalekwalenta sai ta sa shi kwalfe ruwa. Ejnar, wanda magana ta zame masa aiki, yakan yi dariya da rabin bakinsa ya nuna Bodil da hannun da ke motsi.

"Ke ce," yakan ce.

"Ci abincinka, tsoho. Da ni ce da tuni na kifar da kai a tsakiyar ruwa."

Kowace Litinin takan rubuta ra'ayinta a dandalin masoya wasan a intanet. Da farko ta ɓoye shekarunta, tana tsammanin yara ne cike da wurin. Ashe kowa ɓoyewa yake yi. Da aka saba, sai ga zawarawa, ga masu jinya, ga direbobin manyan motoci, ga wani fasto da ya yi ritaya. Mutum dubu huɗu, akasarinsu sun ba hamsin baya.

A zango na huɗu gidan talabijin ya ce zai sabunta wasan. Ba a yi minti goma da farawa ba kibiya ta sami Ragna a wuya, ta faɗa ruwa, ko kalmar bankwana ba a ba ta ba. Aka kawo samari uku masu takubba, ƙirji a waje, suna ta sare-sare har aka tashi. Ejnar ya daɗe yana kallon akwatin talabijin ɗin.

"Za ta fito?"

"Ba na jin za ta fito," in ji Bodil.

'Yan dandalin suka tara sa hannu, suka yi ta aika wasiƙu, har gidan talabijin ya gaji ya gayyaci mutum biyar su zo Kopenhagen, babban birnin ƙasar, a saurare su. Sunan Bodil aka fara zaɓa, faston nan ma yana cikinsu. Ta rubuta shafi uku da hannu, sannan ta kira ƙanwarta Tove.

"Yaya, wai a kan wasan dodanni za ki bar min shi yini guda?"

"Shekara biyar ban roƙe ki komai ba."

Tove ta ce, "Ƙarfe shida ki dawo. Ina da nawa gidan."

Ranar Talata Bodil ta sa rigarta ta zuwa biki, ta shiga jirgin ƙasa. Tun daga tasha take duba wayarta, kamar wadda ta bar tukunya a kan wuta.

An zaunar da su a wani ɗaki mai bangon gilashi, aka kawo kofi da biskit. Wanda ya karɓe su wani matashi ne mai suna Asger, mai fara'a, shi ne ke kula da binciken masu kallo. Ya haska musu zane-zane a bango. Ya ce bincike ya nuna irin wannan wasa na samari ne 'yan shekara sha shida zuwa talatin da huɗu, kuma samari ba sa son tsohuwa mai surutu.

Faston ya ce, "Ɗana, samari nawa ka tambaya?"

"Ɗari biyu."

"Mu fa?"

Asger ya yi murmushi. "Mun san kuna kallo, kuma muna godiya ƙwarai. Sai dai ku ko me aka sa za ku kalla, tunda kuna gida. Waɗanda ba sa zama muke nema."

Bodil ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Ta buɗe takardarta.

"Ina gida, gaskiyarka. Amma ba kome nake kallo ba. Awa ɗaya gare ni a mako, ni na zaɓi inda zan kai ta. Matar nan da kuka kashe, ita kaɗai ce a akwatin nan da ba ta iya zuwa ko'ina, kuma ba a mai da ita abar tausayi ba. Mijina ba ya haɗa kalma biyar, amma..."

Wayarta ta yi ƙara. Tove ce. Ejnar ya zame daga kujera, ta kasa ɗaga shi, bai ji ciwo ba amma ya ƙi kowa ya taɓa shi, sunan Bodil kawai yake kira.

"Madam, ki bar mana takardar, za mu karanta," in ji Asger.

Ta miƙa masa. Tana fita ta ga ya ɗora kofinsa a kai.

A babbar tasha ta tsaya gaban allon jirage. Akwai mai zuwa Hamburg, can ƙetaren iyaka, nan da minti takwas. Ta karanta sunan sau uku, ta ji ƙafafunta sun yi sauƙi kamar za su kai ta cikinsa, abin har ya ba ta tsoro. Sannan ta juya ta shiga nata jirgin. Ta iske maƙwabci ya riga ya taimaka an mai da Ejnar kujera, Tove kuma ta sa kot tana jira a bakin ƙofa.

Samarin da aka sabunta wasan dominsu ba su zo kallo ba, tsofaffin kuma suka kashe akwatinsu. Bayan kashi shida aka dakatar da wasan. Sanarwar gidan talabijin ta ce jama'a sun gaji da labaran dodanni. Bodil ta karanta wa Ejnar, ya yi tsaki da rabin bakinsa.

Dandalin ya yi ta raguwa har ya koma mutum ɗari biyu. A cikin hunturun nan aka rage wa ma'aikaciyar jinya lokaci zuwa rabin awa. Bodil ta nemi a canza musu gida zuwa hawan ƙasa, aka ce layin jira zai kai shekara huɗu.

Faston ne ya roƙe ta ta ci gaba da labarin da kanta, tunda ita ta fi kowa sanin bakin tsohuwar. Ta ce ita mai wanki ce, ba marubuciya ba. Amma ta sayi littafin rubutu. A nata labarin a kafaɗa kibiyar ta sami Ragna, ba a wuya ba. Tana rubutawa a teburin kicin, layi biyar yau, layi uku gobe, gwargwadon yadda Ejnar ya bar ta. Wani lokaci yakan kira ta sau huɗu kafin ta kai ƙarshen jimla. Bana ta kai shafi na sittin da ɗaya.