Gyaran Kwamfuta Daga Zaure

Ku yaran yanzu kuna cewa ba a gyara kwamfutar da ba a gani ba. To ni dai ba zan manta da wata Alhamis ba, ranar da na gyara wata daga zaure, ban ko ga kalarta ba.

Lokacin shagona yana Wunti. Da hantsi wani magidanci mai suna Ɗanlami ya shigo a fujajan, ya ce in zo unguwar Gwallaga yanzu-yanzu. A cikin keke ya yi mini bayani. Matar wansa, Hajiya Talatu, tana zana surfani a kwamfutar tebur da ke ɗakinta. Shi kuma yana shagon ƙofar gida, inda injin surfanin yake haɗe da wata kwamfutar. Akwai folda guda da kwamfutocin biyu suke gani ta rautar gidan, wato ɗan akwatin nan da ke haɗa su ba tare da waya ba. Ita ta ajiye zane a ciki, shi ya ɗauka ya ba inji. To tun jiya foldar ta ɓace daga wajensa. Ga ankon ƙawayen amarya jibge a shago, kamu gobe, kuma uwar amaryar ita ce babbar kwastomar Hajiya. In aka saɓa mata, ta tafi kenan, da ita da danginta.

Na ce, "Ku sa a filashi mana."

Ya ce, "Tab! Tun da filashi ya kwaso bairos ya cinye mata zanuka, ta rantse ba zai ƙara shiga kwamfutarta ba."

Muna isa na nufi cikin gida da jakata, sai ya riƙo ni. Alhaji, wan nasa, ya yi tafiya Kano, kuma dokar gidan ita ce in ba ya nan, baƙon namiji iyakarsa zaure. Ban yi musu ba, gidan mutane ne. Aka shimfiɗa mini tabarma, Hajiya ta tsaya bayan ƙofa muka gaisa.

Na bi aikin yadda nake koya muku. Na duba kwamfutar shago, tana kan rautar gida. Na duba ko an kashe mata izinin ganin sauran kwamfutoci, ba a kashe ba. Na sa aka kashe rauta aka kunna. Shiru. Sai na koma ɗaga murya: Hajiya danna nan, Hajiya me kika gani? Ta tafi ɗaki, ta dawo ta faɗa mini. Baiwar Allah har haki take yi, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga. Wallahi hankalina ya fara tashi.

Na ce, "Hajiya, ko akwai abin da kika taɓa?"

"Ni? Ban taɓa komai ba, Malam Sabo. Kwamfutata lafiyarta lau. Ɗazu ma na kalli bidiyon ɗinki a intanet."

Ɗanlami ya zaro ido. "Wane intanet kuma, Hajiya? Datar gidan nan ta ƙare tun makon jiya. Sai Yaya ya dawo zai saka."

Nan na miƙe tsaye. Na ce ta karanto mini sunan wayifayin da kwamfutar take kai. Ta je ta dawo, ta faɗi sunan shagon kayan kwalliya da ke jikin katangarsu.

Muka kira mai shagon, Madam Ngozi. Tana jin batun ta tafa hannu. "Ni ne na sa mashi! Hajiya ya ce data ya ƙare, kwastoma ya turo hoto. Maƙwabci na ne, zan bar shi haka?"

Ashe jiya ta shiga ta jona kwamfutar Hajiya da nata wayifayin. Tun daga nan kwamfutar ta koma gidan Madam da zama, ta shago kuma tana nan gida, ina za su ga juna?

Na ce, "To Madam, ke da kika fitar da ita, ke za ki mayar da ita. Ke kina shiga, ni ba na shiga."

Ta shige tana dariya. Daga zaure na ce ta zaɓi sunan rautar gida. Kwamfutar ta tambaya ko wannan wurin jama'a ne ko na gida, na ce ta danna na gida, domin in aka ce na jama'a ne, ɓoye foldar za ta yi. Can sai Ɗanlami ya kwaɗa kabbara daga shago, "Ga ta nan!" Inji ya kama aiki, Hajiya ta rangaɗa guɗa a ciki, Madam na taya ta da iyakar iyawarta. Na ji daɗi ƙwarai. Washegari anko ya isa gidan biki kafin la'asar.

Daga ranar na daina tambayar mutanenmu me suka taɓa, domin ba wanda ya taɓa taɓa komai. Abin da nake tambaya shi ne, "Wa ya taimaka muku kwanan nan?" A garin nan, sau da yawa a nan matsalar take, kuma wanda ya jawo ta shi zai fara tashi ya taya ka gyara.