Kulu Mai Waina da Wuyan Direba

Shekara ashirin da shida Kulu tana toya waina a bakin tashar Malumfashi, kuma babu wanda zai rantse ya taɓa ganin ta kai loma baki kafin azahar. Direbobin Funtua da masu kai masara kasuwa da ma'aikatan asibiti duk a gaban tandarta suke karyawa, ita kuwa sai ɓarin goro a kumatu. In an ce ta ci, sai ta ce ƙamshin mai ya riga ya cika mata ciki. Bayan magariba take ramawa: tuwo malmala uku, miya ta ji gishiri, man shanu yana yawo a kai.

Wata Laraba tana cikin juya waina ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Ta zauna, ta ce hayaƙi ne. Sista Phoebe, ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye tana jiran a zuba mata, ba ta yarda ba. Ta tare keke napep ta kai ta asibiti. Aka auna jini, aka ce ya hau, zuciya kuma ta fara gajiya.

"Mama Kulu," in ji Phoebe, "ga magani. Amma ki daina wuni da yunwa kina haɗa abincin yini guda a zama ɗaya. Ki riƙa karyawa, ko da koko ne. Mai da gishiri a rage, goron ma a sassauta."

"Ni da nake ciyar da gari, ni za a koya wa karin kumallo?"

"Ke ɗin fa."

Kulu ta bi umarni, amma ba ta yarda ta bi shi ita kaɗai ba. Kullum da safe sai ta ɗauko kwanon kokonta, ta zauna gaban masu jira tana kurɓa a hankali, tana lumshe ido. Wanda ya yi ƙorafi ta ce masa umarnin likita ne. Daga nan ta shiga duba wuyan mutane kafin ta zuba musu.

Wanda ya fi shan wuya shi ne Alhaji Abdulmutallib, direban bas, mai cin waina goma sha biyu a zama, da mai har yana ɗiga a gwiwar hannu. Ta miƙa masa shida, a bushe.

"Kulu, ke aka kai asibitin nan ko ni?"

"Ni aka kai, Alhaji, amma duk gadon da na leƙa, mai irin wuyanka ne a kai."

Ya aiko wani direba da kwanonsa, ta gane kwanon. Ya sauya kwano, ta gane shi da saƙonsa na "a sa yaji a gefe". Ya koma wajen mai shayi ya yi kwana huɗu, burodi ya gundure shi, ya dawo.

Da abin ya ishe shi, ya je aka auna shi don ya rufe mata baki. Ya zo yana kaɗa takarda, ya ce an ce jininsa kamar na ɗan shekara ashirin. Ya san Kulu ba ta karanta boko. Ta karɓa, ta juya ta sama da ƙasa, ta yaba kyan rubutun, ta soke ta a haɓar zane, ta ci gaba da fifita wuta. Ya nemi abarsa, ta ce ya bari ta gama kallo.

Can sai ga Phoebe da 'yar kularta. Kulu ta zaro takardar ta miƙa mata. Phoebe ta duba, ta dubi Alhaji, wanda ya duƙufa yana gyara maɗaurin agogo.

"Alhaji, gobe ka biyo ta wajenmu kafin ka yi lodi."

Kulu ta zuba waina shida a kwanon Alhaji. Ta sa tsinke ta ɗauke guda ɗaya daga cikin shidan, ta tura masa kwanon.