Baba Bokiti da Ɗalibansa Masu Haƙora

Ƙarfe shida na safe, kafin masu digiri su gama neman wurin ajiye mota, Baba Bokiti ya riga ya yanka kifi, ya goge gilashin tanki, ya tsaya bakin ruwa da allonsa mai ruwan ɗorawa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana ciyar da kifin shak, manyan kifayen nan masu kaifin haƙora, a cibiyar binciken halittun teku. Duk shak ɗin da ya taɓa allon da hanci, ya samu lomarsa. Haka ya koya musu bin layi, abin da har yau ya gagari ma'aikatan cibiyar a ɗakin cin abinci.

Bara aka kawo wata 'yar ƙaramar shak da ta maƙale a tarun masunta, aka keɓe ta ita kaɗai kamar yadda doka ta ce. Kwana goma sha biyu ba ta ci komai ba, ciki ya shafe. Aka yi taro uku a kanta, aka sha shayi sosai.

"Ranka ya daɗe, kaɗaici ne," in ji Baba ga Daraktan cibiyar. "A sa ta kusa da Gwaggo." Gwaggo ita ce tsohuwar babban tanki.

Darakta ya cire tabarau. "Baba, shak ba ya zumunci."

"To, ba a gaya wa Gwaggo ba. Ƙawayenta biyu, kullum tare suke yawo."

Baba saura masa shekara guda ya ajiye aiki, ya kuma san karya dokar keɓewa kora ce. Duk da haka ya mayar da 'yar ƙaramar inda gilashi kaɗai ya raba ta da Gwaggo. Kwana biyu tana kallon tsohuwa na taɓa allo tana karɓar abinci. Rana ta uku, a gaban likitan dabbobi, ta zo ta dunguri allon. Ta ci. Nan take Darakta ya tuna cewa dama shawararsa ce.

An wallafa bincike a kan haka, da sunaye bakwai a sama. Na Baba ba ya ciki. Wataƙila takarda ce ta ƙare.

Kai ne malami ba alli, Baba. Uwargidanka ta ce sabulu ya sallama a kan ƙarnin hannunka. Mu hannun nan muke yi wa godiya. Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku da za ku gaji bokitin, 'yar ƙaramar nan tana raye, ta kai tsawon ƙofa, sababbi biyu na biye da ita suna koyo. Ku ma ku shiga bayansu, ba abin kunya ba ne.