Malam Garba da Zanen da Na Wanke

Ina tsaye a kasuwar Sabon Birni wani ɗan kabu-kabu ya gaya mini Malam Garba, tsohon malamin asibitinmu na Isa, ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya tafi da amsar tambayar da na daɗe ina tsoron yi masa.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero ya bushe a tsaye, 'yata Rakiya ta fara karo da bakin ƙofa. Muka ce yunwa ce. Malam Garba ya kaɗa yatsa ta gefen fuskarta, ba ta ƙyafta ba. Ya ce, "Mamman, ciwon ga ba ga ido shike ba, cikin kai shike. Za ni raka ku Zariya."

Ban yarda da shi ba. Wa zai bar aikinsa a shekarar fari saboda 'yar wani, in babu abin da yake nema? Likitoci suka ce ƙari ne ya danne jijiyar gani, za a gasa shi da na'ura. Suka aske mata kai, suka zana alamomi da tawada a gefen goshinta. Malam Garba ya ce, "Kak ka bari ruwa shi taɓa wurin ga."

Ni kuwa a saninmu, rubutun da ake yi a jikin mutum a hana wankewa ba na alheri ba ne. Da ya fita sallar Azahar na sa sabulu na wanke shi tas. Ashe da zanen ake saita na'urar. Dole aka sake awo, layinmu ya wuce, muka yi mako uku muna jira. Da likitoci suka tambaya, Malam Garba ya ce shi ne ya manta bai gargaɗe ni ba.

Gashin ya tsayar da ƙarin. Rakiya ta rayu, ko da yake ba ta yi tsawon sa'o'inta ba. Idon dama yana gani kaɗan, na hagu ya mutu. Shekaru ina cewa na'urarsu ce ta ƙona idon, a gaban Malam Garba ma na faɗa. Ba ya musu, sai ya ce, "Idon ga ya riga ya tafi tun ba mu bar Isa ba."

Haka yake, ba ya barin mutum da nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa har yau nake zargin maganar tasa. Gaskiya ya faɗa, ko makonnin nan uku ne suka cinye idon ya rufa mini? Na ji kunyar tambaya, kuma na ji tsoro.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. In ƙarya ya yi mini don in iya kallon fuskar 'yata, ya Allah, kada Ka rubuta masa ita. Amin.