Daga Dubai Zuwa Aliero da Azumi a Baki

Dubai

Ƙarfe biyar na asuba muka gama sahur a masauki, ni da taubashina Mamman na Maiyama. Kayan injin ban-ruwa muka je sayo wa manoman albasa, kuma an riga an ɗora su a jirgin ruwa. Saura mu.

Mamman ya ce, "Alhaji, aje azumin ga. Matafiyi yana da rangwame."

Na nuna masa tikiti. Tashi ƙarfe goma na safe, sauka Abuja ƙarfe uku. Na ce awa biyar ce, ko daga Jega zuwa Yawuri na taɓa yin fiye da haka da taya ta fashe. Na ƙara da cewa in na sha ruwa kafin magariba, ya shelanta a kasuwar albasa. Ya ce ya karɓa. Wanda ya san bakin Mamman ya san abin da na jingina.

Cikin jirgi

Awa biyar ta cika a agogona, na ɗaure takalmi. Allon da ke gabana ya nuna jirgin bai ma kusa ba. Na tambayi wani ɗan Kano da ke gefena.

Ya ce, "Tafiyar awa takwas ce, Alhaji, sama da kilomita dubu biyar. Ukun da ke tikiti ukun Abuja ce. Dubai ta riga mu da awa uku."

Wato rana muke bi yamma, tana gudu muna gudu. Sau biyu aka kawo abinci. Mamman ya ci nasa, ya karɓi nawa, yana tauna kaza a saitin kunnena.

"Mi kaka so in aje maka, ƙashi ko cokali?"

Abuja

Mun sauka agogona na cewa ƙarfe shida, rana kuwa tana tsakiyar aikinta. Jami'in da ya duba jakata ya ga leɓena ya bushe, ya miƙo mini ruwa. Mamman ya karɓa a madadina, ya yi godiya. Muka yi salla, muka kama jirgin Birnin Kebbi, tafiyar kusan awa ɗaya. Shi ma yamma ya nufa.

Jega

Direban da ya ɗauke mu daga Birnin Kebbi ya ce magaribar nan ta fi ta Abuja jinkiri. Na ce ya tuƙa motarsa kawai. Harshena ya zama kamar busasshen lawashi. Mamman ya ɗora gorar ruwa mai sanyi a cinyata, wai in riƙe masa.

Na riƙe. Muna shiga Jega aka kira salla, agogona na neman ƙarfe goma na dare. Na shanye gorar, na bi da kunu kofi biyu da ƙosai a bakin tasha. Mamman ma ya zauna ya yi buɗa-baki.

Aliero

Bayan isha'i muka iso gida lafiya, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Kasuwa ba ta ji komai ba.

Bayan Salla Mamman ya rama nasa a gida, kwance ƙarƙashin darbejiya, ya sha ruwa da magaribar Maiyama. Ni na yi nawa da ƙarin awa uku da 'yan kai, lada kuma na wurin Allah. Amma in ciniki ne, na san wanda ya saya da araha.