Taraktar da Na Saya da Ɗuminta

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Tamanrasset, amma tsohuwar taraktar nan, har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba.

Shekaru kaɗan ne bayan Faransawa sun tattara sun bar ƙasar. Ina da ɗan kanti a kasuwa, da garka a ƙauyen Outoul inda nake noman alkama. Fartanya ta ishe ni, kowace shekara sai na kwanta ciwon baya. Da na ji wani ɗan kasuwa na sayar da tarakta mai shan gazuwal, wato man dizal, da wani Nasara ya bari, sai na sayar da kantin ɗungurungum.

Na tafi da wani dattijo mutumin Agadas, wanda ya tsufa cikin gyaran manyan motocin da ke ratsa sahara. Mun isa da hantsi. Ga ta nan ja wur, fenti sabo fil. Tun daga bakin ƙofa raina ya biya. Shi kuwa ko kallon fentin bai yi ba, ya dafa injin da tafin hannu.

"Wa ya ɗumama ta kafin mu zo?" in ji shi.

Mai ita ya ce, "Rana ce, Baba."

"Rana a inuwa, da sanyin nan?"

Ya zaro ƙarfen awon mai, ya murza a yatsu, ya nuna mini. Man ya yi fari-fari kamar shayi da madara. Aka tayar da ita, ya buɗe murfin ruwa, sai ga kumfa na tasowa, hayaƙinta kuma fari. Ya sa aka ɗaga garmar da ke haɗe da ita aka kashe inji, muna kallo ta kasa tsayawa a sama, ta sauko a hankali har ƙasa. Ya ja ni gefe.

"Ɗana, ruwa na shiga cikin mai. Mu dawo gobe da sassafe, ta kwana ba wanda ya taɓa ta, mu ga ko za ta tashi. Kuma in wani abu ya karye, ina za ka sami irinsa a garin nan?"

Mai ita ya ɗaga murya ya ce wani manomi daga ƙauyen Tit na tafe bayan azahar, in ba na so in faɗa. Ni da na gaji da fartanya, maganar nan kaɗai na ji. Na ce na saya. Dattijon ya goge hannunsa, ya ce Allah ya sa albarka.

Kwana goma sha ɗaya ta yi mini aiki. Ran na sha biyu ta yi tari a tsakiyar garka, ta tsaya. Dattijon ya zo ya kankare fentin da wuƙa, sai ga tsaga kusan taƙi guda a jikin injin, an liƙe ta an shafe da fenti. Ya ce ruwa ne ya taɓa daskarewa a ciki lokacin sanyi, ya fasa ƙarfen. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Da ma ya faɗa, da na fi jin sauƙi.

Na aika biranen arewacin ƙasar neman abin gyara. Wata bakwai ina zirga-zirga tasha, duk motar da ta iso sai na je na tambaya. Da kayan suka zo, ba su shiga ba. Rabin garkar da ya rage ni da mai ɗakina muka nome shi da hannu. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai in ta miƙe ta dafe ƙugu, ni kuma in sunkuyar da kai. Ga kanti babu. Taraktar tana nan inda ta tsaya har tayoyinta suka ruɓe, muna zagaye ta da shuka.

Abin da na koya ba shi da yawa. Tsohon inji, a tayar da shi da sanyinsa, a duba mai, a duba ruwa, a duba hayaƙi. In mai kaya ya hana ka kwana a kan ciniki, akwai abin da yake tsoron safiya ta tona. In kuwa ka ɗauko wanda ya fi ka sani, to ka saurare shi, ko ka bar dattijo ya huta a gidansa.